Murya Na Yankewa Bayan Sabunta Windows: Rezo Ne Ko Katangar Tsaro?

Wani bawan Allah mai shagon buga takardu da cike-ciken intanet a Tibati ya kawo mini kuka. Kwamfutarsa ta yi shekaru tana aiki lafiya da Windows 10. Da ya ji kamfanin Microsoft ya daina kula da wannan manhaja tun 14 ga Oktoba 2025, sai ya bayar aka ɗora masa Windows 11. Tun daga ranar, in ya kira ɗansa da ke karatu a Jami'ar Ngaoundéré ta WhatsApp ɗin kwamfutar, sai murya ta riƙa sarƙewa kamar ta mai in'ina, hoto ya sandare sannan ya zabura. In yana cike wa ɗalibai takardun jarrabawa, wannan shafi ya buɗe nan take, na gaba ya maƙale. Firintar da ke ɗaya teburin ma kwamfutar ta daina ganinta. Ya sauya sim, ya ƙara kuɗin data, ba ta sake zani ba. Yanzu wasu sun ce ya kashe katangar tsaro kawai ya huta, wasu kuma sun ce a goge kwamfutar a sake zubi.

Malam, kada ka yi ko ɗaya cikin biyun tukuna. Abin da ka kwatanta yana da suna a wurin masu wannan aiki, ni kuma ina kiransa tangaɗin layi. Da alama kuma gyaransa yana cikin shagonka.

Muryarka ba ta tafiya a dunƙule. Kwamfuta tana yanka ta ƙulli-ƙulli, tana aikawa ɗaya bayan ɗaya, ƙulli da dama cikin kowane sakan. Ka tuna yadda 'yan dako ke jeruwa in ana loda buhunan busasshen kifin Mbakaou a mota. Ko layin nasu ya yi tsawo, muddin buhu yana isowa a kan kari, mai jerawa a saman mota ba ya tsayawa. Amma in uku suka iso masa lokaci guda, sannan aka yi shiru, sannan biyar suka taho a guje, aiki ya dagule, alhali yawan buhunan bai ragu ba. Tsawon layin shi ne jinkiri, rashin daidaiton isowar shi ne tangaɗi. Ana auna su da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa hira ta fi daɗi in jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba, injiniyoyi kuma sukan so tangaɗi ya tsaya ƙasa da 30. Wannan ne ya sa ƙara kuɗin data bai amfane ka ba. Kana iya sauke fim da sauri a layin da ba za ka iya gaisawa da ɗanka a kansa ba, domin fim yana iya jira a tara masa ƙullin, magana kuwa ba ta jira.

To me ya haɗa wannan da sabunta Windows? Sabuntawa irin wannan tana taɓa abubuwa uku. Tana iya sauya direban waifai, wato 'yar manhajar da ke tuƙa na'urar kama iska da ke cikin kwamfutar. Tana mayar da wasu saituna yadda suka fito daga masana'anta. Na ukun, wanda na fi zargi a naka lamarin, tana sauya harsashin da manhajar tsaro ta kafu a kai.

Katangar tsaro mai gadi ce da ke zaune a bakin ƙofa, kowane ƙulli da zai shiga ko zai fita sai ta duba shi. Windows tana da tata tun daga gida. Manhajojin kashe bairos da ake saya ko ake kwafowa a kasuwa, da yawansu suna zuwa da tasu katangar, suna kuma dasa ɗan matacinsu can ƙasa, a hanyar da bayanai ke bi tsakanin direba da sauran kwamfutar. Haka manhajojin VPN suke yi. In aka sake gina gidan aka bar tsohon mai gadi da tsofaffin makullai, ba lallai ya rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Sai dai ya riƙe wannan ƙulli ya saki wancan, ko ya riƙa ja-in-ja da mai gadin Windows a kan wa zai fara dubawa. Intanet tana nan, alamar waifai cike, amma magana ba ta fita daidai.

Kada ka ɗauka wannan matsalar masu kwamfutar gwanjo ce kaɗai. A ranar 16 ga Satumba 2024 kamfanin Apple ya fitar da macOS Sequoia, nan da nan masu amfani da manhajojin tsaro na manyan kamfanoni irin su Microsoft da ESET da CrowdStrike suka fara kukan katsewar sadarwa. Sai a farkon Oktoba Apple ya fitar da gyara mai lamba 15.0.1, ya kuma faɗa a fili cewa gyaran ya shafi jituwa da manhajojin tsaro na wasu kamfanoni. Wata biyu kafin fitowar Sequoia, ranar 19 ga Yuli 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a lissafin Microsoft, har jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai. Wancan karon manhajar tsaron ce ta sauya, ba Windows ba, amma ya nuna irin zurfin da waɗannan manhajoji ke kai wa a cikin kwamfuta. In ma'aikatu masu injiniyoyi na musamman sun ɗanɗana, ina ga wanda antibairos ɗinsa lasisinta ya ƙare shekara uku da suka wuce, ba ta kuma taɓa karɓar sabon zubi ba?

Zargi dai ba hujja ba ne, saboda haka sai a auna, awon kuma ba ya cin ko sefa ɗaya. Tunda yawancin kwamfutocinmu a Kamaru da Faransanci suke, zan kira wuraren da sunan da za ka gani a fuskar taka. Ka buɗe baƙin allon nan da ake kira Invite de commandes, ka rubuta ipconfig. Ka nemi layin Passerelle par défaut, lambar da ke gabansa ita ce adireshin akwatin waifai ɗinka, sau da yawa 192.168.8.1 ko 192.168.1.1. Sai ka rubuta ping, ka sa wannan lamba, ka ƙara -t a ƙarshe. Ka sake buɗe wani baƙin allon a gefe, ka rubuta ping 8.8.8.8 -t. Na farko yana auna tsakanin kwamfutarka da akwatin da ke ɗakinka, na biyu yana auna har can wajen ƙasa. Ka bar su minti biyar kana kallon lambar da ke bayan kalmar temps.

In na cikin ɗaki yana tsaye a 2, 3, 5, amma na waje yana tsalle, to laifin na hanya ne, tsakanin akwatinka da eriyar kamfani ko gaba da nan. Wannan yana faruwa, musamman bayan magariba da kowa ke riƙe da waya, ko lokacin da aka ɗauke wuta a gari, ko irin abin da ya auku ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama har da Kamaru suka ji a jikinsu. Irin wannan ba ruwan Windows. Amma in na cikin ɗakin ma yana tashi daga 3 zuwa 200 ko 600, ko yana rubuta maka cewa wa'adin jira ya wuce, to ka wanke rezo. Ƙullin bai ma bar shagonka ba ya fara tangaɗi.

Daga nan ka lura da salon tsallen. In yana zuwa a kan kari, misali kusan kowane minti guda, galibi kwamfutar ce ke ɗaga kai tana leƙen wasu waifai na maƙwabta, a wannan ɗan lokacin kuma ba ta sauraron naka. Wannan aikin direba ne ko manhajar da ke neman sanin inda kake. In kuwa tsallen ba shi da kari, ka yi gwajin da ya fi kowanne raba gardama: ka kashe waifai, ka haɗa kwamfutar da akwatin ta waya, ko ka jona wayar hannunka ta kebul ɗin USB ka ba ta intanet. In tangaɗin ya ɓace, matsalar tana wajen iska da direbanta. In ya biyo ka har kan waya, ka juya kan manhajar tsaro.

A nan mutane suka fi yin kuskure. Sukan danna maɓallin dakatar da antibairos na minti goma, su ga ba abin da ya sauya, su ce ba ita ba ce. Dakatarwa ba ta cire matacin da ta dasa, yana nan zaune ƙulli na ratsa shi. Na taɓa kwana biyu a kan kwamfutar wani ɗan kasuwa ina sauya direba, ashe ragowar wata manhajar tsaro ce da ya ce ya goge tun bara. Sai da na buɗe bayanan na'urar waifai na ga sunanta a jere cikin abubuwan da layin ke bi. Don haka ka cire ta gaba ɗaya, da kayan cirewa na musamman da yawancin kamfanonin ke ajiyewa a shafinsu, ka cire duk wani VPN da ba ka amfani da shi, ka sake kunna kwamfutar. Sannan ka buɗe baƙin allon da ikon mai gida, ka rubuta netsh winsock reset, ka bi shi da netsh int ip reset, ka sake kunnawa, ka maimaita awon.

Bayan cirewar ka shiga Sécurité Windows, wurin Pare-feu et protection du réseau, ka tabbata katangar Windows a kunne take. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: ga shago irin naka, katangar Windows da Defender, antibairos ɗinta na gida, da ke karɓar sabuntawa sun fi kwafaffiyar antibairos da ta mutu a tsaye. In kana son ta kamfani, ka sayi ta halal, sabon zubin da aka rubuta cewa ya dace da Windows 11, ka kuma tsaya a guda ɗaya. Wanda ya ce ka kashe katanga ka huta bai yi maka adalci ba. Kwamfutarka tana ɗauke da hotunan katin shaida da takardun haihuwa da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, kowace rana kuma ana soka mata filas daga hannu daban-daban. Amana ce a wuyanka.

Batun firinta mai sauƙi ne. Bayan sabuntawa Windows takan ɗauki waifai ɗinka a matsayin na bainar jama'a, sai katanga ta ɓoye kwamfutar daga sauran na'urorin ɗakin. Ka shiga bayanan waifai ɗin a Paramètres, ka mayar da shi daga Réseau public zuwa Réseau privé. A shagonka kaɗai za ka yi haka, ban da otal ko tasha.

In gwajin ya nuna iska ce, ka shiga Gestionnaire de périphériques, ka buɗe Cartes réseau, ka nemi na'urar waifai. A shafin Pilote akwai maɓallin mayar da tsohon direba. In bai dannu ba, ka ɗauko direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurinta, ka guji manhajojin nan masu alƙawarin sabunta direbobi duka a danna ɗaya. A shafin Gestion de l'alimentation ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe na'urar don tattalin batir. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin da zarar wuta ta ɗauke kwamfuta ta koma kan batir, sai ta fara rage wa waifai ƙarfi, mutum kuma ya ɗauka rezo ne ya faɗi tare da wutar. In akwatinka yana da zangon 5 GHz ka koma kansa, ya fi 2,4 sarari, tunda a 2,4 ne Bluetooth da waifai na maƙwabta ke cunkushe. Sai dai 5 ba ya ratsa bango sosai, saboda haka kada ka rataye akwatin a bayan ƙofar ƙarfe kana neman rezo alhali kwamfutar tana lungu.

Akwai kuma tangaɗin da ke wucewa da kansa. Kwanakin farko bayan sabuntawa Windows tana ta sauke gyare-gyare, OneDrive kuma yana kwashe takardunka yana turawa sama. Hanyar aikawa a layin salula ƙunci gare ta, in ta cika sai ƙullin murya ya tsaya a bayan layi. Ka sa wa waifai ɗin alamar Connexion limitée, ka kashe raba sabuntawa da wasu kwamfutoci a wurin Optimisation de la distribution, ka bar manyan saukewa sai bayan an rufe shago. Zai rage maka cin data ma.

In ka bi duk wannan abin bai daidaita ba, Windows tana ba da kwana 10 daga ranar sabuntawa da za ka iya komawa tsohon zubi ta Paramètres, Système, Récupération, ba tare da ka rasa takardunka ba. Komawar ta ɗan lokaci ce, kafin ka samo direban da ya dace, domin Windows 10 ba wurin daɗewa ba ne yanzu. Kafin ka taɓa komai ka kwafe takardun mutane a wani faifai na daban.

Malam, ka yi awon nan biyu yau da safe, ka sake yi bayan isha'i, ka rubuta lambobin a takarda. In har sai ka ɗauki kwamfutar zuwa wurin mai gyara a Ngaoundéré, ka tafi da takardar, kada ka yarda a goge maka komai kafin ya duba ta. Allah ya sa albarka a sana'a.