DARASI GA MATAFIYA: TABAR LANTARKI DA BINCIKE A FILIN JIRGIN SAMA

Ya ƴan'uwa, kowace shekara jama'a daga Agye, Gazawa da Gidan Rumji sukan kama hanyar Yamai domin hawa jirgi a filin Diori Hamani, wasu kuwa su bi ta Ɗan Isa zuwa Katsina ko Kano, ko don aikin hajji da umra, ko fatauci, ko karatu. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ƙaramin abu da kan sa a tsare matafiyi a wurin bincike, ko ma ya jefa rayukan mutane cikin haɗari, wato tabar lantarki.

MECE CE TABAR LANTARKI?

Na'ura ce mai kama da alƙalami ko ƴar kwalba, wadda wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ya ƙirƙiro irin ta zamani a 2003. A cikinta akwai batir, da ƴar waya mai ɗaukar zafi, da ruwa wanda galibi yake ɗauke da nikotin, sinadarin nan da ke sa mai shan taba ya kasa bari. Wayar ke dumama ruwan ya zama tururi, a zuƙa.

DALILIN DOKA

Haɗarin yana wurin batirin, domin irin na litiyam ne. Idan ya matsu, ko bakinsa ya taɓa makulli ko kuɗin ƙarfe, ko kaya suka danne maɓallin kunnawa, yakan yi zafi har ya kama wuta, wutarsa kuwa tana da wuyar kashewa. In hakan ya faru a ɗakin fasinjoji, ma'aikatan jirgi za su ga hayaƙi, su kashe, su sanyaya shi da ruwa. Amma a ɗakin kaya da ke ƙarƙashin jirgi babu mai gani, balle mai kai ɗauki. A watan Satumba na 2010 wani jirgin kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin kayansa masu ɗauke da irin waɗannan batura, matuƙansa biyu suka rasu. Shi ya sa a 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana sanya tabar lantarki cikin akwatin da ake aunawa a miƙa.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. Na'urar da baturanta su kasance a jakar hannu ko aljihu, a kashe. In aka karɓi jakar hannunka a bakin jirgi don a kai ta ɗakin kaya, fara fitar da su.

2. Batirin da aka riƙe daban a rufe bakinsa, kowanne a kubensa. Haka hukuncin yake ga ma'ajiyar wuta ta cajin wayar salula, wadda kusan kowane maniyyaci ke ɗauke da ita a yau.

3. An hana zuƙarta ko cajinta a cikin jirgi. Makewayin jirgi yana da na'urar jin hayaƙi.

4. Ruwanta yana bin dokar kayan ruwa da aka kafa a 2006, bayan an bankaɗo makircin tarwatsa jirage a Ingila: kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, a haɗa su cikin leda mai nuna abin da ke ciki, wadda ba ta fi lita 1 ba. Turare da man shafawa ma haka. Kuma da yake matsin iska kan ragu a sama, kwalbar da aka cika maƙil takan yi yoyo.

5. A wurin bincike, idan jami'i ya tambaye ka, faɗi gaskiya ka nuna masa. Na'urar haska kaya tana nuna batir, ɓoyewa kuwa zargi take jawowa.

6. Izinin jirgi daban, dokar ƙasa daban. Singafo ta haramta mallakarta tun 2018, Indiya ta haramta sayar da ita da shigo da ita a 2019. Tambayi kamfanin jirginka kafin tashi, maniyyaci kuwa ya tambayi jagoransa ko hukumar alhazai ta COHO.

AMANAR SAƘO

Al'adarmu ce mai tafiya ya riƙa wa ɗan'uwa saƙo, kuma dattawa sun fi jin nauyin ƙi. To a sani, duk abin da aka samu a kayanka, kai doka za ta tuhuma. Akwai ruwan tabar lantarki da ake gauraya wa sinadarin wiwi, hukuncin miyagun ƙwayoyi kuwa a Saudiyya mai tsanani ne ƙwarai. Kada ka karɓi ƙunshi sai an buɗe shi a gabanka. Matasa su taimaka wa iyayensu wajen duba kaya tun daga gida.

Daga ƙarshe, wanda ya jarabtu da wannan abu, mafi alheri ya baro shi, ya sa tafiyar ta zama mafarin rabuwa da shi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.