Ted Hughes, mawaƙin dabbobi

An haifi Ted Hughes ran 17 ga watan Agusta 1930, a wani ƙaramin gari na yankin Yokshaya, arewacin Ingila. Ubansa kafinta ne. Wansa ya girme shi da shekara 10, mai son farauta ne ƙwarai. Ted yakan bi shi cikin duwatsu, yana ɗauko zomaye da tsuntsayen da ya harbo. Shi ma yana kama ɓeraye da kifi.

Da ya kai wajen shekara 15, sai hankalinsa ya sake. Ya ga cewa in ya kama dabba, ya ɓata mata rayuwarta. Sai ya rage kamu, ya koma kallo. A wannan lokaci ne ya soma rubuta waƙa. Daga baya ya gaya wa ƴan makaranta a rediyo cewa waƙa ma kamar dabba take. Sai mai haƙuri da kaifin ido yake kama ta da rai.

A 1951 ya shiga jami'ar Kambirij don ya karanta adabin Ingilishi. Karatun bai yi masa daɗi ba. Wata rana da dare ya kasa rubuta aikin da aka ba shi, har barci ya kwashe shi. Ya yi mafarki da wata yanyawa wadda wuta ta ƙone. Ta ɗora hannu mai jini bisa takardarsa, ta hane shi. Bayan haka ya bar adabi, ya koma nazarin al'adun mutane.

A 1956 ya auri Sylvia Plath, wata mawaƙiya ƴar Amurka. Ita ce ta buga waƙoƙinsa da tafireta, ta aika da su gasa. Suka ci, aka fitar da littafinsa na farko a 1957. Sunan littafin The Hawk in the Rain, wato shaho cikin ruwan sama. A waƙoƙinsa akwai shaho, da hankaka, da dawaki, da kifi. Bai mai da su masu wayon mutane kamar na tatsuniya ba. Ya nuna su yadda suke, da yunwarsu da ƙarfinsu.

Auren bai ɗore ba. Sun rabu a 1962, Sylvia ta kashe kanta a 1963, ta bar ƴaƴa biyu. Mutane da yawa suka ɗora masa laifi. Shekara da shekaru bai cika yin magana kan wannan ba. Ya ci gaba da rubutu, har da littattafan yara. Ya yi kiwon tumaki da shanu a yankin Debon. A 1984 aka naɗa shi mawaƙin fadar sarauniya.

A farkon 1998 ya fitar da waƙoƙi 88 kan zamansa da Sylvia. Ya rasu ran 28 ga watan Oktoba na wannan shekara.

Tambayoyi
1. Me ya sa Ted ya rage kama dabbobi?
2. Wa ya taimake shi har littafinsa na farko ya fito?
3. Ina bambancin dabbobin waƙoƙinsa da na tatsuniya?

Aiki
Ku zaɓi dabba guda, akuya ko ƙadangare ko shirwa. Ku zauna ku dube ta da kyau, kada ku taɓa ta. Ku rubuta layi biyar kan abin da idonku ya gani.