Darasi na Tara: Bincike da Shiri Kafin Doguwar Tafiya a Jirgin Ƙasa

9.1 Gabatarwa

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Wannan darasi zai duba yadda matafiyi ke tattara bayanai, ya tace su, sannan ya kintsa kafin doguwar tafiya a jirgin ƙasa. An ɗauki misali da mutumin Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, wanda ya ƙudurta zuwa Abuja.

9.2 Sanin Hanya

Abu na farko da bincike zai nuna masa shi ne, layin dogo bai ratsa garin Birnin Gwari ba. Tsohon layin da ya haɗa Legas da Kano a shekarar 1912 ta Zungeru da Minna ya bi ya shiga Kaduna. Sabon layin kuwa, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, ya tashi ne daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, tsawon kilomita 186.

Ke nan tafiyarsa zango biyu ce. Zai fara shiga mota ya ci kimanin kilomita 120 a cikin daji, ta Kuriga da Udawa da Buruku, kafin ya kai ga jirgi. Da yake jirgi ba ya jiran kowa, daga lokacin tashinsa ake lissafa lokacin barin gida. Wanda ke son jirgin safe, ya fi masa sauƙi ya kwana a Kaduna, domin kada gaggawa ta sa shi ratsa daji da duhu.

9.3 Tace Bayanai

Matafiyi na samun bayani daga majiyoyi uku: Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, da kafofin yaɗa labarai, da kuma mutanen da suka bi hanyar. Kowane bayani sai a yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Gani ya yi ko ji?

Tambayar lokaci ita ce mafi nauyi, domin labarin hanya yana saurin tsufa. A ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, suka kashe wasu fasinjoji, suka sace wasu. Zirga-zirga ta tsaya har zuwa 5 ga Disamba na wannan shekara, kuma da aka dawo sai aka wajabta nuna lambar shaidar ɗan ƙasa kafin sayen tikiti. Wanda ya dogara da abin da ya sani a 2021, sai ya isa tasha ya tarar da wata doka.

Haka lamarin yake ga hanyar mota. Ta shafe shekaru tana fama da masu garkuwa da mutane, har gwamnatin jihar ta ƙulla sulhu da 'yan bindigar yankin a ƙarshen 2024. Duk da haka, labarin bara ba ya isar matafiyin bana. Direban da ya iso tasha da safiyar ranar tafiya ya fi kowa sanin halin da hanya take ciki.

9.4 Guzuri

Bayan bincike sai shiri. Matafiyi zai tanadi:

(a) tikiti, wanda tun 2021 ake iya saye ta intanet;
(b) katin shaida mai ɗauke da sunan da ke kan tikitin;
(c) ruwa da abinci marar saurin lalacewa, da maganin da ya saba sha;
(d) waya mai cikakken caji, da kuɗin mota daga tashar Idu ko Kubwa zuwa masauki.

Sannan ya sanar da iyalinsa lokacin tashi da lokacin da ake sa ran saukarsa.

9.5 Kammalawa

An ga cewa shirin tafiya ya rataya ne a kan sahihin bayani, sahihancin bayani kuma ya rataya a kan majiyarsa da lokacinsa. Wannan ƙa'ida ce ɗalibi zai bi a duk wani binciken ilimi.

9.6 Auna Fahimta

1. Me ya sa aka ce tafiyar mutumin Birnin Gwari zango biyu ce?
2. Kawo tambayoyi uku da ake tace bayani da su, tare da misali.
3. Rubuta insha'in bayani a kan shirin tafiya daga garinku zuwa tashar jirgin ƙasa mafi kusa.