Darasin Mako: Canza Taimin Bel a Injin Dizal

'Yan uwa ɗalibai, yau za mu duba taimin bel, wato bel mai haƙora da ke haɗa karanshaf da kamshaf domin bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. A injin dizal, idan ya tsinke mota na tafiya, fistin kan daki bawul, inji ya lalace.

Ga yadda makanikai ke canza shi:

1. A cire kan batir.
2. A daidaita alamomin taimin kafin a zare tsohon bel.
3. A sa sabo tare da sabon tenshina.
4. A juya injin da hannu zagaye 2, a sake duba alamomin, sannan a tayar.

Mu tuna wa iyayenmu su canza shi a kilomitar da littafin mota ya ƙayyade. Rigakafi ya fi magani.