Gado da Kitsen Jini: Darasi Daga Ƙasar Kolombiya

Sau da yawa akan sami mutum biyu masu ci daga tukunya ɗaya, amma kitse ya yi yawa a jinin ɗaya, na ɗayan kuwa daidai. Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙwayoyin gado da kowa ya karɓa daga iyayensa.

Shanyewar ɓarin jiki galibi tana aukuwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe. Kitsen da ake kira kolastarol, musamman nau'in LDL, yakan taru a bangon jijiya har ta ƙuntata. Daga cikin masu taimakon hanta ta janye kitse daga jini akwai furotin mai suna ApoE, wanda ƙwayar gadonsa ke kan kuromosom na 19. Wannan ƙwaya iri uku ce: E2, E3 da E4. E3 ce ta fi yawa a duniya. Mai ɗauke da E4 kuwa, LDL ɗinsa yakan fi hawa, haɗarin toshewar jijiya kuma ya ɗan ƙaru.

To, ina ruwan Kolombiya, wadda ke Kudancin Amurka? Mutanenta sun fito ne daga tsatso uku: 'yan asalin nahiyar, da Turawan Sifen, da 'yan Afirka da aka sauke a tashar Kartahena zamanin cinikin bayi. A lardin Antiyokiya jinin Turawa ya fi rinjaye, a lardin Choko kuwa na Afirka. Tun da E4 ta fi yawa a Afirka a kan Kudancin Turai, sakamakon binciken lardi ɗaya ba lalle ne ya dace da ɗayan ba, balle wanda aka yi a Turai.

Sai dai gado ba hukunci ba ne. Binciken INTERSTROKE na 2016, wanda ya haɗa ƙasashe 32 har da Kolombiya da Nijeriya, ya nuna cewa abubuwa 10 da ake iya gyarawa ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin wannan ciwo, hawan jini ne kuma kan gaba. Ɗalibi ya riƙe wannan: ba a sauya gado, amma ana auna hawan jini, a rage gishiri, a guji taba, a motsa jiki.