Sabuwar Wuta a Tsohon Babur

A shekarar 1959 ne kamfanin Triumph na ƙasar Ingila ya fito da wani babur mai silinda biyu wanda ya laƙaba wa suna Bonneville. An yi ta ƙera shi a masana'antar Meriden har zuwa 1983 da aka rufe ta. Da yawa daga cikin waɗannan babura suna nan a hannun masu sha'awar tsofaffin injuna a Ingila da Amurka da Ostareliya. Ƙarfen injin yana da juriya ƙwarai. Abin da ya fi ba masu shi wahala shi ne kayan wuta.

Inji ba ya tashi sai fulogi ya yi tartsatsi a cikin silinda, ya kunna fetur da iskar da fistin ya matse. Tartsatsin nan yana da lokacinsa, wanda kanikawa ke kira taimin. Tilas ya zo kafin fistin ya kai ƙololuwa, domin fetur yana bukatar ɗan lokaci kafin ya kama sosai, kuma gwargwadon saurin inji gwargwadon yadda za a gaggauta tartsatsin. Daga 1963, abin da ke tsara wannan lokaci a Bonneville shi ne kwantak, watau wasu ƙananan leɓɓa biyu na ƙarfe masu buɗewa da rufewa, da ratar inci 0.015 a tsakaninsu. A bayansu akwai 'yan ƙarafa masu nauyi da sifirin, waɗanda ke warewa idan inji ya yi sauri, su jawo tartsatsin gaba. Duk waɗannan suna goguwa, suna cinyewa, taimin kuma yana gocewa a hankali ba tare da mai babur ya ankara ba. Kamfanin Lucas na Birmingham ne ya ƙera su, kuma mahaya babur a Ingila sun daɗe suna yi masa ba'a da sunan Sarkin Duhu, ko da yake sau da yawa laifin na tsufa ne da rashin kulawa.

Tun 1969 kamfanin Boyer Bransden ya fara sayar da wata na'ura da ke maye gurbin kwantak. Shi kansa Triumph bai sa irinta a Bonneville daga masana'anta ba sai 1979. Daga baya wasu kamfanoni sun shigo kasuwar, kamar Pazon na New Zealand da Tri-Spark na Ostareliya. Tsarin Boyer ba shi da wuyar fahimta: ɗan ƙarfe mai maganaɗisu biyu yana juyawa a gaban wani faifai mai naɗin waya, faifan ya aika saƙo zuwa wani ƙaramin akwati, akwatin ya yanke wutar kwayil, fulogi ya yi tartsatsi. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka babu abin da zai cinye. Sayen na'urar ba shi ne aiki ba. Aikin shi ne sa ta zauna lafiya da babur ɗin da ya girme ta.

Farkon abin da ke rikita baƙon makaniki shi ne batir. A baburan zamani, kan batir mai alamar ɗebewa ake haɗawa da jikin babur. A tsofaffin baburan Ingila kuwa, kan mai alamar tarawa ake haɗawa. Wanda ya bi sabo ya juya wayoyin yana iya ƙona akwatin tun kafin injin ya yi ko tari. Sai kuma kwayil. Fistin biyun Bonneville tare suke hawa, tare suke sauka, don haka na'urar tana kunna fulogi biyun a lokaci guda. Ɗaya ya sami fetur, ɗayan ya faɗa cikin hayaƙi mai fita, ba ya cutar da kome. Wannan ya sa ake jera kwayil biyu a kan layi ɗaya su raba wutar, kuma an fi so a cire na asali masu bolt 12 a sa masu bolt 6. Idan aka bar na asalin, babur zai tashi, amma tartsatsinsa na iya raunana a lokacin gudu.

Inda ake bukatar haƙuri shi ne saita taimin. Ƙarfen mai maganaɗisu yana zama ne a kan sandar da ke buɗe bawul, a cikin wani rami mai tsukewa, ba tare da wani tsagi da zai nuna mazauninsa ba. Ana iya ɗaure shi ta kowace fuska, amma ba kowace ce daidai ba. Makaniki zai juya inji da hannu har fistin ya rage digiri 38 ya kai ƙololuwa, wanda shi ne ƙa'idar Bonneville, sannan ya juya ƙarfen har wani farin ɗigo ya bayyana ta ƙofar da ke jikin faifan. Ƙofofin biyu ne, domin a wasu injuna sandar dama take juyawa, a wasu hagu, kuma da yawa sun leƙa ta wadda ba tasu ba. Ita sandar rabin juyin inji take yi, saboda haka kuskuren digiri ɗaya a wurinta digiri biyu ne a inji. Wannan saiti na tada babur ne kawai. Na gaskiya sai an kunna inji, an kai shi juyi 5,000 a minti, an haska alamar taimin da fitila mai walƙiya. Wanda ya ƙi yin haka yana caca da injinsa: tartsatsin da ya yi wuri yana zafafa fistin har ya huda shi, garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma abin da kwantak yake jurewa wanda akwatin ba ya jurewa, watau raunin batir. Kwantak yakan tada babur ko da batir ya yi sanyi. Tsofaffin akwatunan Boyer kuwa, idan wuta ta yi ƙasa, sukan saki tartsatsi da wuri fiye da kima, inji ya juyo baya, kik ya bugi ƙafar mai takawa da ƙarfin da zai iya yi masa rauni. Masu babur Norton Commando na 1975, wanda ake tayarwa da maɓalli, sun ɗanɗana wannan ta wata hanya: abin tayarwar yana zuƙe batir, inji ya juyo baya, ya lalata kayan tayarwar. Sababbin na'urori sun rage matsalar sosai. Duk da haka, makanikin da ya san aikinsa ba ya buɗe kwalin na'ura sai ya auna batir, ya tabbata inji yana cika shi, ya kankare tsatsa daga kowane mahaɗin waya da makunni, ya kuma ja sabuwar waya daga kan inji zuwa batir maimakon dogara da tsohon ƙarfen jikin babur.

Tsohon kwantak da sifirinsa ba a yar da su. Wasu sukan naɗe su a tsumma su ajiye a ƙarƙashin sirdi, domin kwantak ana gyara shi a bakin hanya da sukuddireba da ɗan guntun takarda mai kaushi, akwatin kuwa a rufe yake da danƙo, in ya mutu sai dai a nemi wani.