Darasin Lafiya: Hasken Rana, Bitamin D da Zuciyarmu

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a gona muka tashi, rana tana dukanmu tun safe. Yanzu a Nima da Maamobi muna zaune a ƙananan ɗakuna masu ƙaramar taga, cikin lunguna matsattsu. Tsoho ko mai jego kan yi kwanaki rana ba ta taɓa jikinsa ba. Wannan sauyi yana iya jawo ƙarancin bitamin D.

Daga ina ake samunsa?

Fatarmu ce ke haɗa mafi yawansa idan hasken rana ya sauka a kanta kai tsaye. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki, kuma baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara. Ana samun wani kaso a abinci: kifi mai maiƙo irin su amane da kifin gwangwani, gwaiduwar ƙwai, da hanta. Aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda tsoka ma ke buƙata. Zuciya kuwa tsoka ce.

Me ya haɗa shi da zuciya?

Likitoci sun lura cewa masu ƙarancin bitamin D sun fi yawan hawan jini da ciwon zuciya. Sai aka gwada a gani ko shan ƙwayarsa zai hana cutar. A Amurka an bi mutum sama da 25,000 na kimanin shekara 5, aka fitar da sakamako a 2018: ƙwayar ba ta rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Saboda haka duk wanda ya tallata mana ƙwayar bitamin a cikin mota ko kasuwa da sunan maganin zuciya, kada mu ba shi ko sidi ɗaya.

Ga jarirai kuwa abin ya fi haɗari. Idan ƙarancin ya yi tsanani, kalsiyam yana raguwa a jini, jariri ya riƙa jijjiga, wani lokaci har tsokar zuciyarsa ta yi rauni. Yaro mai tasowa kuma ƙafafunsa kan lanƙwashe kamar baka.

Me za mu yi?

1. Mu fita rana na minti 15 zuwa 30, sau da yawa a mako, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Mata za su iya yin haka a tsakar gida, wajen shanya ko tankaɗe.
2. Mu fito da tsofaffi da marasa lafiya su zauna a waje kaɗan.
3. Kada a ajiye jaririn da bai kai wata 6 ba cikin zafin rana. A tambayi ma'aikaciyar jinya ranar awo ko yana buƙatar ɗigon bitamin D.
4. Mu sa kifi a miyar tuwo, mu ƙara ƙwai a kan wake da shinkafa idan hali ya yi.
5. Mu rage gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya.
6. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina. Kada kuma a sha ƙwayar bitamin D barkatai, domin yawanta yana illa ga ƙoda.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Ciwon ƙirji, haki ba tare da aiki ba, kumburin ƙafafu, karkacewar baki, ko jijjigar jariri ba abin jira ba ne. Babban Asibitin Maamobi yana kusa da mu, idan kuma ciwon ya yi girma akwai cibiyar zuciya ta ƙasa a Korle Bu. Mu riƙe katin inshorar lafiya a hannu, mu sabunta shi kafin ya ƙare. Ko muna jin ƙalau, mu riƙa gwada jini, domin hawan jini ba ya sallama.

Allah ya ƙara mana lafiya.